Soron Kakana da Ruwan Inugu Ya Cinye

 Kwana biyu kun ji ni shiru. Lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi, hidimar sabon masallacin unguwarmu ce a nan Inugu ta sha mini kai. Shekara uku ke nan muna tara kuɗi, tun daga masu shanu da 'yan canji da masu albasa, har zuwa yaran nan masu gyaran takalmi da ke jefa ɗari biyu a akwati ranar Juma'a. Da kuɗi suka ɗan yi kauri sai aka kawo wa kwamiti zanen ginin da za a yi. Zane ne mai ɗaukar ido: baƙin gilashi daga sama har ƙasa, tayil a jikin bango, jan rufin alminiyom mai tsini wanda bakinsa ya tsaya daidai kan bango, ga na'urar sanyaya ɗaki har guda takwas. Kowa na ta masha Allah. Ni kuwa da ba na iya yin shiru sai na ɗaga hannu na ce, idan aka ɗauke wuta ranar Juma'a a cikin watan Maris, ta ina iska za ta shigo wa mutum ɗari uku?

Shugaban kwamitinmu dattijo ne, sa'an mahaifina, a hannunsa na tashi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan nan, so kake mu koma ginin ƙasa irin na kakanka?" Aka kwashe da dariya, har da ni. To amma wannan dariya tana da tarihi, kuma tarihin ba na gidanmu ba ne kaɗai, na dukkanmu ne da muke zaune a Inugu da Anacha da Fatakwal. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta shi.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, Bazazzagi ne, kuma daga gidan magina ya fito. Inugu da ya tarar ba tsohon gari ba ne. A 1909 Turawa suka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1915 aka fara haƙa, a 1916 aka gama shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal don a riƙa kwashe kwal ɗin zuwa bakin teku. Ita kanta Fatakwal saboda wannan kwal aka kafa ta, 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Daga baya dogon ya miƙe ya nufi Arewa, da aka gama gadar Makurɗi a 1932 kuwa sai hanya ta buɗe sosai. Bayan wannan ne kakana ya biyo wani ubangidansa mai fataucin shanu ya sauka a nan. Da ya ga zama ya miƙa, ya samu ɗan fili aro, sai ya ce shi ba zai kwana a bukka ba alhali ubansa magini ne. Ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya tayar da zaure da ɗaki biyu, ya yi musu rufin soro shimfiɗaɗɗe kamar yadda ake yi a gida, har da zanko a kusurwa. An ce mutane har zuwa kallo suke yi. Maƙwabtansa Ibo sun yi masa magana, ta bakin tafinta, cewa wannan rufi ba zai kai ba. Ya ce su ba su san gini ba.

Bai ga ƙarshen damina ɗaya ba. Wata rana da dare cikin watan Agusta, bayan an kwana uku ana tsuga ruwa, rufin ɗakin kakata ya rufto. Allah Ya kiyaye ba ta ciki, tana wajen wata maƙwabciya mai naƙuda. Amma tasoshinta na aure da ta ɗauko tun daga Zariya duk suka lotse a ƙarƙashin laka, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina yi masa gori a kai ba. Daga ranar kakana bai sake riƙe tubali ba. Ya koma sayar da fata, ya kama hayar ɗakin kwano.

Mai karatu kada ya ɗauka kakana bai iya aikinsa ba. Ginin Hausa ilmi ne babba, kuma Zariya ce cibiyarsa. A can ne Babban Gwani, Malam Mika'ilu, ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, ginin da har gobe masana daga ƙasashen duniya ke zuwa dubawa. Duk da ƙasa ya yi shi da azara. Azara ita ce sirrin abin: ana tsaga ta daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta iya haye wuri mai faɗi ita kaɗai, don haka sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, su riƙa ɗora azara kan azara tana turowa ciki kaɗan-kaɗan, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗe a sama. Bango kuwa a yi shi da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. A shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don ruwa ya zame ya bi indararo ya zuba can nesa da bango. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a yi yaɓe.

Duk wanda ya taɓa shiga soro a Kano ko Katsina da tsakar ranar bazara ya san ni'imar da ke ciki. Dalili shi ne kaurin bangon yana shanye zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, a Arewa kuwa dare yakan huce, sai bangon ya amayar da zafinsa ya wayi gari da sanyi. Ga 'yan ƙananan tagogi can sama, ba su barin ƙura da hasken rana su shigo da yawa. Wato gini ne da aka yi wa ƙasa mai busasshen zafi, mai gajeriyar damina, inda rana ke fitowa ta busar da rufi tsakanin ruwan yau da na jibi.

To a nan Kurmi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ruwan da Kano ke samu a shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar ake yin sa a gama. Fatakwal tana samun fiye da milimita 2,000, ana fara shi tun wajen Maris a kai Nuwamba. Inugu da Anacha suna tsakani, amma sun fi kusa da Fatakwal. Rufin ƙasa bai samun ranar bushewa, ya jiƙe ya ƙara nauyi, icen da ke ɗauke da shi ya ruɓe. Ban da haka, zafin nan ba irin na gida ba ne. Zafi ne mai danshi, dare da rana kusan ɗaya, gumi ba ya bushewa a jiki sai in iska na kaɗawa. Ɗaki mai kaurin bango da 'yar ƙaramar taga a nan ba ni'ima ba ne, kurkuku ne mai warin fumfuna.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne, ba ƙasa ce ta ci amanar kakana ba, rufi ne. Su ma Ibo ai da ƙasa suke gini tun kaka da kakanni, jar ƙasa mai kyau, mata su goge bango har ya yi sheƙi su yi masa zane. Bambancin shi ne sai su ɗora masa rufin ganyen tukurwa mai gangara sosai, bakinsa ya sauko ya wuce bango da nisa, ya zame masa lema. Ruwa bai taɓa bango, rana ba ta dukansa, ga inuwar zama a kewaye. Har a ƙasar Hausa ma, wanda ya lura zai ga Zariya ta fi Katsina yawan rufi mai tulluwa, saboda ta fi ta ruwa. Magabata sun san idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Kakana ne dai girman kan ɗan gado ya hana shi sauraron mutanen da yake ganin ba su san gini ba.

Abin da ya maye gurbin soro a wajenmu shi ne kwano. Duk wanda ya tashi a Asata ko Ogbete a Inugu, ko wajen titin Bida da titin Sakkwato a Anacha, ko Diobu a Fatakwal, ya san gidan da nake nufi. Dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna hagu da dama, kowane ɗaki taga ɗaya, bayan gida ɗaya a can ƙarshe, rufin kwano sau da yawa ko silin babu. Da rana tanda, da dare a fito da tabarma waje. A irin wannan gida aka haife ni. Babban abin da muka rasa a cikinsa ba sanyi ba ne kawai, tsari ne. Gidan Bahaushe yana da zaure inda baƙo ke tsayawa, da ƙofar gida, da shigifa, kafin a kai cikin gida inda mata ke sakewa. A gidan haya babu wannan. Mahaifiyata ta yi shekara da shekaru tana girki a lungu da mayafi a jikinta, don kowane lokaci namiji na iya giftawa. Zaurenmu shi ne benci a ƙofar masallaci. Ina jin shi ya sa masallaci ke da nauyi a zuciyar ɗan Kurmi fiye da yadda mutanen gida ke zato: nan ne zaurenmu, nan ne kotunmu, nan baƙon da ya sauka daga mota da tsakar dare ke kwana.

A daidai lokacin da iyayenmu ke gasuwa a ƙarƙashin kwano, akwai wasu mutane da suka zauna suna yi wa wannan yanayi na Kurmi tunani na ilmi, kuma a nan ne labarin ginin zamani ya shigo. Bayan yaƙin duniya na biyu wani salon gini ya mamaye Turai, wanda ya yi watsi da ado da kwalliya, ya ce a yi gini da kankare da ƙarfe da gilashi, siffarsa ta bi aikin da zai yi. Wasu Turawan Ingila masu zanen gine-gine, mata da miji, Maxwell Fry da Jane Drew, suka zo Afirka ta Yamma da wannan aƙida a shekarun 1940. Nan da nan suka gane akwatin gilashi irin na Landan ba zai zaunu a nan ba. Sai suka juya tambayar: ta ina rana ke bi, ta ina iska ke zuwa, yaya ruwa ke sauka? Su suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan, kuma ɗakin karatun jami'ar shi ne ya fi shahara, wanda aka yi wa bango mai huda-huda kamar rariya, iska na ratsawa rana ba ta shiga. A 1956 suka fitar da littafi sukutum kan yadda ake gini a ƙasashe masu zafi da danshi. A tsakanin nan har Indiya sun je, suka yi aiki tare da Le Corbusier wajen gina birnin Chandigarh.

Ƙa'idojinsu ba su da wuyar fahimta, ko birkilan unguwa zai gane. A yi gini dogo siriri, kaurin ɗaki ɗaya, yadda kowane ɗaki zai samu taga gaba da baya iska ta shiga ta fita. A juya dogayen ɓangarorinsa su kalli kudu da arewa, don kada ranar safe da ta yamma su doki tagogi. A fito da bakin rufi waje sosai. A yi baranda. A ɗaga silin sama, a bar kafa a can ƙoli inda iska mai zafi za ta fice. A sa tagar luba wadda za a iya bari a buɗe ko ana ruwa. In ka duba da kyau, rabin wannan ilmi abin da maƙwabtan kakana suka so gaya masa ne, aka sake faɗarsa da kankare.

Yankin Gabas ya samu rabonsa na wannan salo. Babban cocin Angilika na Anacha, wanda Richard Nickson ya zana, yana cikin misalan da ake bayarwa. Haka gine-ginen farko na jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1960, da manyan otal biyu masu suna Presidential da gwamnatin Michael Okpara ta gina a Inugu da Fatakwal a farkon shekarun 1960, da ɗimbin makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata. Ni na yi firamare a irin wannan gini: dogon aji mai baranda, bango ɗaya rabinsa bulo mai huda. Ba fanka ba komai, amma ban tuna ranar da zafi ya kore mu ba. Sai da na girma na san wani ne ya zauna ya lissafa wannan iskar da muke sha.

Ba ina wanke su ba ne tas. Wannan salo ɗan mulkin mallaka ne, a cikinsa ya girma. Tun a dokar birane ta 1917 Turawa suka ware wa kansu unguwa, suka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata wai don gudun sauro, kuma iska da inuwa da bishiyoyi can aka kai su. Fatakwal da ake yi wa kirari da birnin lambu, ba Diobu ake nufi ba. Ba wanda ya zana wa mahauci ko ɗan dako gida mai taga biyu. Sannan sun raina ƙasa kamar yadda kakana ya raina ganyen tukurwa, suka ɗora komai kan siminti, wanda a farko daga Ingila ake kawo shi.

Simintin kuwa a ƙofar gidanmu ya fara zama ɗan ƙasa. A 1957 aka buɗe masana'antar siminti ta Nkalagu, ba nisa da Inugu, ita ce ta farko a Nijeriya. Ta Sakkwato sai a shekarun 1960 ta biyo baya. Da kuɗin man fetur suka zo bayan yaƙi, abin ya zama hauka: a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas, wasu suka yi watanni suna jira har kayan ya daskare a cikinsu. A wannan zamani ne, zamanin kuɗin Udoji, fanka da na'urar sanyaya ɗaki suka shiga gidajen masu hali, sai masu gini suka ga ba su da sauran buƙatar lissafin rana da iska. Aka riƙe kankare da gilashi, aka yar da baranda da bakin rufi da bulo mai huda. Wato aka ɗauki ɓawon ginin zamani aka zubar da ƙwayar. Zanen da aka kawo wa kwamitinmu jikan wannan zamani ne. Gini ne da ba ya numfashi sai da wutar lantarki, a ƙasar da kowa ya san halin wutarta.

Amma in na tsaya a nan na yi wa iyayenmu rashin adalci, domin akwai dalilin da ya fi duk waɗannan girma, wanda ba a cika son faɗa ba. Mu ba mu gina wa kanmu gidan kirki a Kurmi ba saboda ba mu taɓa sakankancewa za mu kwana ba.

Akwai lokacin da aka sakankance. Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'ar mutanen gari ya hau, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Dattawa sun ce a wannan lokaci Hausawa sun fara sayen filaye suna gini da bulo. Sai 1966 ta zo. Aka yi wa Ibo kisan gilla a garuruwan Arewa, abin da babu mai hankalin da zai kare, waɗanda suka tsira suka kwararo gida, mu kuma aka ce kowa ya kama gabansa. Mahaifina yana saurayi ya bar Inugu da kayan jikinsa. Aka yi yaƙi daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Babbar kasuwar Anacha ta ƙone, gadar Kwara da aka gama a 1965 aka karya ta. Da mahaifina ya dawo bayan yaƙi ya ɗauki alkawari, kamar yadda sa'o'insa da yawa suka ɗauka: duk abin da ya samu a nan, a Zariya zai zuba shi. Ya cika alkawari. Ya gina gida mai ɗaki tara a can, ya rasu a ɗakin haya a nan. Jimillar kwanakin da ya yi a wancan gida ba su kai shekara ɗaya ba.

Mu da muka zo baya mun so mu ce wannan tsoron tsofaffi ne, sai Fabrairun 2006 ta tuna mana. Bayan kashe-kashen da aka yi wa Kiristoci a Maiduguri, aka yi ramuwar gayya a Anacha, aka kashe mutanenmu da dama, aka ƙona masallatai da rumfuna, jama'a suka gudu barikin soja, wasu suka haye gada zuwa Asaba. Ina da abokai da ba su sake komawa ba. Waɗanda suka koma kuwa, da katako da langa-langa suka mayar da rumfunansu, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke zaman ɗar-ɗar ba ya dasa bishiya, ba ya fitar da baranda. Baca yake yi, wadda in an ƙone ko an rushe asarar ba ta da yawa. Ga kuma maganar takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma da yawa daga wuraren da muke zaune, zango ne ko kara ko bakin kasuwa, aro ne ba mallaka ba. A Fatakwal kowa ya ga yadda aka share unguwar Njemanze ta bakin ruwa a 2009, gani ga wane kuwa ya ishi wane. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To mu ga mu nan, wasunmu jikoki ne, wasu tattaɓa kunne, yaranmu sun fi jin Ibo da Turancin buroka a kan Hausa, amma har yanzu gini muke yi irin na raɓa.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar ɗaga hannu a taron nan shi ne yadda duniya ta juyo. Yanzu an tabbatar sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ga wutar da ake ƙonawa wajen sanyaya gine-ginen da aka rufe ruf. Sai ga shi ana komawa kan ƙasa da inuwa da iska, ana kiran abin gini mai ɗorewa. Kuma Hausawa na cikin waɗanda ake koyi da su. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa zalla, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, nan ma ƙasar Tawa, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando, ya ɗora mata rufin kwano a ɗage yadda iska ke bi ta ƙarƙashinsa, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni.

Za a ce ai duk waɗannan ƙasar Sahel ce, ba ruwa. Gaskiya ne, kuma ni ne mutum na ƙarshe da zai manta da wannan. Shi ya sa wanda ya fi burge ni shi ne Demas Nwoko, mutumin Idumuje-Ugboko a jihar Delta, tsallaken kogi kaɗan daga Anacha. Abin sha'awa, a Zariya ya yi karatun zane a ƙarshen shekarun 1950, garin Babban Gwani. Ya dawo Kudu ya riƙa haɗa jar ƙasa da siminti kaɗan yana buga bulo, yana yin rufi mai faɗin baki, yana barin kafofin da iska mai sanyi ke shiga ta ƙasa mai zafi ta fita ta sama. Cocin 'yan ɗarikar Dominika da ya gina a Ibadan a shekarun 1970 da gidansa na ƙauye sun sha damina fiye da arba'in. A 2023 aka ba shi lambar girma ta Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na birnin Venice. Jar ƙasar da ya yi aiki da ita, irinta ce muke takawa kullum a Inugu, muna tsaki tana ɓata mana bakin wando.

Na kai duk wannan gaban kwamiti a zama na gaba, har da hotuna da na sa aka wanko. Ba a bar ni na sha da daɗi ba, kuma wasu hujjojin nasu masu ƙarfi ne. Wani ɗan uwa da ya daɗe a Fatakwal ya ce tun ƙarshen 2016 da baƙin toka ya fara sauka a garin, wanda ya bar taga a buɗe sai ya wayi gari da baƙin hanci, shi bai ga abin so a iskar waje ba. Wani ya kawo maganar sauro, wani ta ɓarayi. Ma'ajinmu ya ce birkilan da ya iya bulon ƙasa ba ya nan kusa, in an ɗauko shi daga nesa kuɗin ya fi na siminti. Sai wani dattijo mai sayar da goro, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Malam, bango mai huda da kake faɗa, in rana ta ɓaci, ta nan ake zuro wuta." Wurin ya yi tsit. Yana Anacha a 2006. Ban da amsar da zan ba shi, kuma ban yi ƙoƙarin ƙirƙiro ta ba.

Na ce da shugaba, "Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, ni ban ce a yi soro ba. Wanda ruwa ya ci soron gidansu ai shi ya fi kowa tsoron soro. Cewa na yi a yi masallacin da za a iya salla a cikinsa ko babu janareta, don kuɗin man da za mu riƙa ƙonawa duk wata ya isa albashin malamin Islamiyya biyu." Ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi hoton makarantar nan ta Burkina ya ƙara dubawa.

Ga inda aka tsaya a zaman ranar Lahadin da ta wuce. Bulon siminti za a yi, na sha kaye a nan. Bangon da ke kallon titi zai zama rufaffe, mai kauri, saboda maganar mai goro. Amma an soke baƙin gilashi. Za a sa dogayen tagogin luba da raga da ƙarfe a ɓangarorin biyu da ke cikin harabar, a ɗaga silin, a bar kafofi a ƙarƙashin rufi, bakin rufin kuma ya fito mita ɗaya da rabi ko'ina. Na'urar sanyaya ɗaki ta koma biyu, a ɗakin liman da na baƙi. A ƙofar shiga kuma za a yi ɗan ɗaki mai ƙofa biyu da dakali hagu da dama, inda za a riƙa zama ana ɗaurin aure da sulhu. Mai zanen, wani yaro Ibo mai haƙuri ƙwarai, ya tambaye ni me zai rubuta a kan wannan ɗaki a takarda, na ce ya rubuta zaure, na kuma rubuta masa yadda ake rubuta shi.

Saura maganar takardar filin, wadda har yanzu muke bi. Shugaba ya ce ba za a haƙa harsashi ba sai ta fito, kowa kuma ya yarda. Wanda ke da hoton tsofaffin gidajen Hausawa na titin Bida a Anacha, ko na Diobu kafin yaƙi, don Allah ya taimaka ya aiko mini, ina tara su.